Wayoyi Biyu da Zarami Ya Taɓa

Duk wanda ya daɗe da mota a Potiskum ya san Zarami rewaya na unguwar Dogo Tebo. Tun zamanin fijo yake gyaran wutar mota, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya fere waya da haƙori, ya goga ta a jikin ƙarfe, in ta yi tartsatsi ya san inda aka kwana. Da wannan ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya. Amma zamani riga ne. Motoci masu ƙwaƙwalwa a akwati suka cika gari, masu su suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Halliru kaɗai bai guje shi ba, mijin 'yarsa Najiba, mai jigilar fasinja zuwa Damaturu. Motar da yake jigilar da ita, ita ce cinsu, ita ce shansu.

Ran nan ta mutu a Damagum, aka jawo ta zuwa Potiskum. Ɗantala mai gwajin mota da kwamfuta ya jona na'urarsa, ya ce ƙwaƙwalwar ta daina amsawa.

"Mai yiwuwa da ranta, wata waya ce ta yi tsatsa. Kawo ta gobe. Amma ka ga wayoyin nan biyu da aka murɗe tare? Ta nan take magana da sauran motar. Kada kowa ya sa musu wuta."

Hanyar gida ta ƙofar Zarami ta bi, kuma mutum ba ya wuce surukinsa da matacciyar mota bai tsaya ba. Halliru ya tsaya gaisuwa. Zarami ya ga aiki ya zo har gida, farin ciki ya kama shi, ya naɗe hannun riga.

"Baba, dama an ce..."

"An ce me? Ba a haifi mai kwamfutar ba na fara aikin nan."

Halliru ya sunkuyar da kai. Yana gani tsohon ya fere wayoyin nan biyu, ya jawo wuta daga batir ya dangwala musu. Da wani ne, da ya riƙe masa hannu, amma wa zai riƙe hannun uban matarsa a bainar jama'a? Ba tartsatsi, sai wani ɗan ƙauri da ya taso. Zarami ya san ƙaurin nan.

Washegari Ɗantala ya gano wayar mai tsatsa, ya kankare ta, sai dai ƙwaƙwalwar ta riga ta ƙone. Ya tambayi wanda ya taɓa, Halliru ya ce shi da kansa ne. Sabuwa ta fi ƙarfinsa. Aka ajiye motar a kan duwatsu, Najiba ta dawo gidan ubanta da yara, Halliru kuwa ya samu bin tirelar shanu zuwa Kudu.

Zarami ya so a ce wani ya zage shi, ko ya samu sauƙi. Ba wanda ya ce masa uffan. Ranar tafiya Halliru ya zo sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, a sa mana albarka."

Zarami ya ɗora masa a ka hannun nan da ya dangwala wa wayoyin wuta.