Girgizar Da Na Saya Da Tsada

Ba zan taɓa manta ranar da matar da na koya wa riƙon alƙalami ta wuce ni ba. Na ji haushi, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa.

Tare muka shiga makarantar manya a unguwar Rusaifa, nan garin Harami, ina da shekara arba'in da wani abu. Ni ce ta ɗaya a lissafi, ita kuwa da yatsu take ƙirga. Sai ga shi bayan shekaru ta tashi daga unguwar Ka'akiyya ta koma gida mai kyau a unguwar Shisha, ta kira mu walima. Mata sai masha Allah suke yi, ni kuwa ko shayin ban taɓa ba.

Na ja ta kicin na ce, "Ke, faɗa min gaskiya. Ina kika samu?"

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, kasuwar hannun jari ce, a jawwal, wayar hannun nan. Ba ruwana da ta hau ko ta sauka, girgizarta nake saye."

"Girgiza kuma? A wane shago?"

"Ai babu takardar da ake sayar da ita kai tsaye, sai dai a haɗa." Ta ajiye kofuna biyu a gabana. "Akwai ma'aunin da ya tara manyan kamfanoni. Wannan kofin kafin alƙalami ne na damar saye a kan farashin yau, wannan na damar sayarwa. Idan ma'aunin ya yi tsalle sosai, ko ta ina, ɗaya zai biya kuɗin biyun har da riba. Idan ya kwanta, halas, shi ke nan, kuɗin sun tafi. Ki zo gobe in nuna miki sauran."

Na ce, "Ni za ki nuna wa lissafi?" Na ɗauki abayata na fita.

A satin na sayar da warwarona biyu na zinariya, waɗanda mahaifiyata ta bar min. Na jira har aka ce gobe za a yi wata babbar sanarwa kan kuɗin ruwa, kowa na cewa kasuwa za ta motsa, na sayi kofunan nan biyu ina jin kaina. Washegari kuwa kasuwa ta motsa. Na duba jawwal ina murmushi, sai na ga fiye da rabin kuɗina ya narke. Na sake lissafi sau uku, haka yake.

Da la'asar na kira ta ina faɗa kamar ita ta ci min. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yaya, yaushe kika saya?"

"Jiya."

"Inna lillahi! Ai ɗaki kika kama kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi. Kowa ya san girgizar na zuwa, an riga an saka ta cikin farashi. Wannan ne sauran da na ce ki zo."

Na kashe wayar ina kallon hannuna babu warwaro. Ban yi kuskure a lissafi ba. Rabin darasi na ɗauka na gudu, don kawai kada in zauna a gabanta. A nan na gane cewa hassadata ba ta taɓa ko gashin kan matar nan ba, ni ta tuɓe wa zinariyar uwata.

Washegari da safe na lalubo tsohon littafina na makarantar manya, na tari tasi zuwa Shisha. Da ta buɗe ƙofa na miƙa mata alƙalami na ce, "Malama, fara daga farko."