Lambar Hajja Gana

Hajja Gana ungozoma ce a Gafasa, rabin garin a tafin hannunta suka yi kukan farko. A damtsenta na hagu akwai tabo kamar sawun yatsa a kan tuwo. Tana 'yar shekara bakwai masu lamba suka zo yin rigakafin agana. Wanta ya ɓuya a rumbu, ita kuwa ƙaya ta soke ta tana gudu, aka kama ta. Da cutar ta shigo bayan kaka, ta tafi da idon wan nata ɗaya, ita ko ƙurji ba ta yi ba.

Bana jikarta Hussaina ta kai jaririnta allurar rigakafi a Ajingi, jikinsa ya yi zafi. Mijinta Inuwa ya ce ba za a koma ta biyu ba.

Hajja ta same shi yana gyaran garma, ta janye mayafi daga damtsenta.

"Kai angona, in ka ɗauki mai gadin gona, ba ka nuna masa sawun biri?"

"Ana nunawa, Hajja."

"To allurar nan sawun ne kawai. Zafin da ka ji, masu gadin jikinsa ne suka tashi suna dubawa. Ran da birin ya zo da kansa, sun san shi."

Inuwa ya daɗe yana kallon tabon. Da ranar ta zagayo, shi ya tayar da babur, Hajja na ƙofar gida tana yi masa tsiya, wai ya fi jaririn tsoron allura.