Noelene da Jar Fitilar Caji

Kowace safiya Noelene Pascoe takan buɗe garejinta na garinmu Quilpie da kofin shayi a hannu, tana yi wa motocin da suka kwana a ciki kallon marasa gaskiya. 'Yar rewaya ce, mai gyaran wutar mota, kuma ba ta yarda da kowa ba. Ka ce mata motarka lafiya lau, sai ta ce, "Wa ya faɗa maka? Ita motar?" Yanzu za ta yi ritaya, ni kuwa abin ya dame ni.

Mu nan muna da wata ɗabi'a: in fitila ta ishe mu a gaban direba, mu zare ƙwan mu huta. Haka tsoho Des Kowalski ya yi wa jar fitilar caji ta tsohuwar a-kori-kurarsa, motar da yake kai matarsa Maureen wankin ƙoda, tafiya mai nisa cikin dajin da ko waya ba ta kamawa. Ya tsaya a garejin Noelene sayen fis na wutar mota a kan hanyarsu, Maureen tana zaune a gaba. Da ya murza makulli Noelene ta leƙa, ta ga jar fitilar ba ta kama ba.

"Ina jar fitilarka, Des?"

"Na cire shegiya. Kashe min ido take."

"Sauko."

"Ke dai aiki kike nema, Noelene. Mota tana tashi, me ya rage?"

"Batir kake ci, tsohon banza. Ta wannan ƙwan altaneta, mai cajin batir, ke samun wutar da za ta fara caji. Ka cire shi, ka bar ta tana barci."

Des bai yarda ba. Ta zare makullin ta jefa a aljihu. Ta mayar da ƙwan, amma hankalinta bai kwanta ba, don fitila ba ta ƙyalli haka kawai. Ta bi siririyar wayar da ke gaya wa altaneta ƙarfin batir, ta iske ɓera ya gaigaye ta. Ta canja ta, Des yana tsaye a kanta kamar za ta sace masa injin. Maureen ta isa asibiti a kan lokaci.

Noelene, ke ce mai zargin alheri. Ba ki iya lallashi ba, kin ɓata wa rabin garin nan rai, amma ba a taɓa tsintar motar da kika taɓa a mace a daji ba. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi wannan rashin yarda, ku daina cewa "ai tana tashi".

Har gobe Des yana rantsuwa motarsa ba ta da komai ran nan. Maureen takan bar shi ya gama, sannan ta ce, "To, ni dai ga ni."