Sunayen 'Yan Dako a Littafin Malam Idi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaka da karin kumallo yau da safe aka bugo mini daga Gaya wai Malam Idi ya rasu. Shayin ma yana nan ya huce, na kasa sha.

Shi ya koya mana Turanci a sakandare a shekarun saba'in. In ka zo da yagaggiyar riga, ba ya faɗa, allura da zare zai miƙo maka.

Muna aji uku, ana gobe hutu, ya ara mini wani tsohon nobel nasa, labarin wani Bature da ya ratsa ƙasar baƙar fata, 'yan dako na biye da kayansa. Ya ce, "Habu, ka karanta wa wani tsoho a gida da Hausa. Kuma kar ka ɓata mini littafi."

Ni kuwa lokacin kan nan ya kumbura da boko. Kunyar kakana nake ji, Baba Mato na Gafasa, saboda wani tabo a tsakar kansa inda gashi ba ya fita. In abokaina sun zo har cewa nake ya sa hula. Allah Ya yafe mini.

Da hantsi a gindin rumbu nake fassara masa, yana ɓarar gyaɗa. Da na zo inda wani ɗan dako ya faɗi a hanya aka wuce shi, sai ya tsaya.

"Wa ye sunansa?"

Na ce ba a faɗa ba.

"Littafi duk kaurin nan ba suna? To mu da sunayenmu."

Ashe shi ya riƙa ɗaukar bahon wankan Di'o, Baturen mulki, in an fito rangadi, daga Gaya zuwa Ajingi, har gammo ya cinye masa kai. Ya shiga lissafo abokan tafiyarsa: Tanko, Bukar Kolo, Ɗan'azumi, da Audu da ya faɗi bai tashi ba. Na zaro biro na rubuta su a gefen shafin, na haɗa da nasa, na manta da kashedin Malam.

Da aka koma makaranta na miƙa littafin, na riga na saddaƙar bulala zan sha. Malam ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce kowa a ajin ya miƙe tsaye. Ya karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, har da Mato.

Ya ce, "Marubucin ya bar giɓi, Habu ya cike."

Tun ranar ban ƙara cewa kakana ya sa hula ba.

Bara na je gaishe shi a Gaya, idanun sun tafi. Ya sa aka ɗauko littafin, bangon duk ya rabu. Bai buƙaci gani ba, da ka ya jero sunayen, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kullum ina sa su a addu'a. In na tafi, aikin ya dawo kanka."

Malam, na karɓa.

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya haɗa da Mato, Tanko, Bukar Kolo, Ɗan'azumi da Audu.