Saje Lukuman da Harsashi na Goma

Ƙarfe shida na safe Saje Lukuman Ayinla yake barin Gangare a kan tsohon babur ɗinsa, ya bi ta Tina Junction zuwa filin atisayen 'yan sanda da ke bayan gari. Shekara ashirin da takwas ke nan yana koyar da harbi da ƙaramar bindiga, ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya. Lambar yabo ko ɗaya ba shi da ita. Abin da aka san shi da shi dai ba ya miƙa wa kurtu bindiga sai ya ce, "Kawo hannunka." Ya buɗe tafin, ya duba tsawon yatsu kamar tela, sannan ya shiga ma'ajiya ya zaɓo wadda za ta zauna a hannun. Abokan aiki na tsokanarsa da boka mai duba. Ba ya dariya. Mutum ne mai fargaba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. In cunkoso ya tsare shi a Tina, mata masu dankali da tumatir yake kallo, yana tunanin inda harsashin da ya kauce zai sauka.

Watan jiya aka turo masa Theodora Pwajok daga wani sashe. Sau biyu ta faɗi jarrabawar harbi, in ta faɗi ta uku za a cire ta daga rundunar da ta shekara biyu tana nema. Kullum harsashinta ƙasa yake yi, ya karkata gefe, kowa kuwa ya yanke cewa tsoro ne da ita. Wani babba ya ja Saje gefe.

"Kai dai sa hannu cewa ta ci, a wuce wurin. Sau nawa za ta yi harbi a rayuwarta?"

"Oga, sau ɗaya ya isa," in ji Saje. "Ba zan sa ba."

Ƙin sa hannun bai kwantar masa da hankali ba, don in ta faɗi, gani yake shi ya kayar da ita. Ya ce ta kawo hannu. Tafin ƙarami ne, bindigar da aka ba ta kuwa mariƙinta kauri gare shi, da ƙyar yatsanta ke kaiwa kunama. Tana miƙa shi ta ja, sai bakin bindigar ya gusa. Ya sauya mata da mai siririn mariƙi, ta ɗauka an gama.

"Baba, ashe ba laifina ba ne!"

"Rabi ba naki ba ne, 'yata. Rabin kuma naki ne. Kina fizgar kunama kamar ta zage ki."

Kwana tara ya hana ta harsashi. Sai ya ɗora kwanson harsashi a kan bindiga babu komai cikinta, ta ja kunama a hankali. In kwanson ya faɗo, a sake. Har hawaye ta yi don takaici, bai rage mata ko sau ɗaya ba.

Ranar jarrabawa, na kusa da shi sun ce leɓensa bai daina motsi ba. Goma ta harba, tara suka shiga allo. Ta ci. Wuri ya kaure da tafi, ta rugo tana sara masa. Shi kuwa ya wuce ta, ya nufi tudun ƙasar da ke bayan allon, ya durƙusa yana tono da yatsu har ya zaƙulo na goman. Ya dawo ya sa mata a hannu.

"Kin ci, zan sa hannu. Amma wannan, da a cunkoson Gada Biyu ne, da ɗan wani ya samu. Gobe ƙarfe bakwai."

Washegari ta riga shi zuwa.

Saje Lukuman, kai ne tsoho mai tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Kai ne ka tsare mutanen da ba su san sunanka ba, ba su ma san an tsare su ba. Mun gode, Allah Ya saka, Ya ba ka hutun da hankalinka zai kwanta. Mu dai namu bai kwanta ba, don daga wata mai zuwa wani ne zai karɓi filin nan. Kai da za ka gaje shi, muna roƙonka: in an gama tafi, ka je bayan allo ka tona.