Hannu a Kafaɗa

Akwai wani ɗakin hoto a Kafanchan da har yau nakan yi mafarkinsa. A bangonsa an rataya babban ƙyalle mai zanen gidan sama, da matakala da ke hawa har ta ɓace cikin furanni, da wani tafki shuɗi wanda ban taɓa ganin irinsa a ƙasarmu ba. Muna yara, in Baba ya sayar da citta, sai ya kwaso mu daga Kwoi ya jera mu gaban ƙyallen nan, an shafe mu da mai muna ta sheƙi. Mai hoto ya ce kowa ya tsaya cak. Jikina yakan tsaya, amma hankalina yana can baya, ina hawa matakalar a hankali, ina so in ga masu gidan. A duk hotunanmu na lokacin, ni ce wadda idonta ya karkace gefe.

Shekaru bayan rasuwar Baba, Mama ta ce tana so a yi mana hoton iyali ranar bikin godiya na coci, tunda kowa zai zo gida. Ai kuwa kamar ta zuba tsaba a tsakar gida. Yayanmu ya ce ɗakin hoto za a je, a ɗinka anko, manya a zaune, yara a ƙasa, yadda mutanen kirki suke yi. Ƙanwarmu da ke Abuja ta ce wannan ai tsohon yayi ne. Ta cika mana waya da hotunan wasu iyalai sanye da fararen riguna, suna tafiya cikin ciyawa suna dariya ba wanda ya ba su labari, bayansu duk ya yi dishi-dishi. Yaya ya ce shi ba zai biya a ɗauki ƙeyarsa ba. Ni kuma na kawo maganar ƙyallen nan mai matakala, suka haɗu suka yi mini dariya. Ashe ɗakin hoton ya daɗe da zama shagon cajin waya.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, na hau mota na je Kwoi in ji ta bakin Mama da kanta. Na same ta a inuwar mangwaro tana tsince wake. Na nuna mata na ƙanwata, na kwatanta mata na yaya. Ta duba kamar ana nuna mata kayan da ba za ta saya ba.

"Ku yi wanda kuna so," in ji ta. "Ciyawa ne, ɗaki ne, duk ɗaya. Ni dai kada kowa ya taɓa ni a ciki. A bar mini fili nan, a bar mini fili nan. Wanda za ku sa a fosta nake nema."

A wajenmu in aka ce fosta, ta jana'iza ake nufi: hoton da za a buga a manna a ƙofar coci, a sa a riguna da kalanda, shi ne fuskar da mutum zai bari a falon dangi. Na ce, "Haba Mama, wace irin magana ce wannan?" Ta ce, "Maganar gaskiya. Ko kin manta na Babanku?"

Ban manta ba. Baba ya tafi ba zato, aka bincike gida ba a sami hotonsa shi kaɗai ba. Cikin gaggawa aka ɗauki wani na bikin aure aka kai wa masu bugawa a Kafanchan, suka yanko shi daga cikin jama'a. Sai da riguna suka iso muka lura akwai hannu a kafaɗarsa, yatsu huɗu, ba mai su. Bayan makoki ya lafa, abin ya zama na raha a gidanmu. Wani ya ce hannun mala'ika ne, yaya ya ce a'a, na wani ɗan zumuntar mazan coci ne mai son shiga hoto.

Na fara murmushi ina tuna mata. Sai ta ajiye faifan wake, ta miƙo mini hannunta na hagu. A bayan ɗan yatsanta akwai tsohon tabo, na wuƙar tsaga citta.

"Ki je ki duba kalandar Babanku da kyau," ta ce. "Ni ce a wurin. Ranar nan kaɗai na taɓa dafa shi a gaban mutane. Suka yanke ni, suka bar yatsu. Ba na so a yanke kowa a nawa."

Na shiga falo na tsaya gaban kalandar da ta koɗe. Tabon yana nan. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji haushinmu duka, mu masu ido da ilimi.

A ƙarshe kowa ya sami rabinsa. Aka ɗinka ankon yaya, aka fita gonar bayan gida saboda ƙanwata. Damina tana ban kwana, ganyen citta ya fara ja da baya zuwa rawaya, duwatsu daga nesa sun yi shuɗi kamar tafkin ƙyallen nan. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan komai, har tsohuwar randar da aka yar a gefen gona ta yi kyau. Na tsaya ina kallo, na ji kamar yau dai na hau matakalar, na leƙa, na tarar mu ne masu gidan.

Mama ba ta sa anko ba. Ta fito cikin kayan zumuntar mata, an goge su har suna tsayawa da kansu, da takalmin da take ajiyewa don bikin Ista. Mai hoton wata budurwa ce daga Kafanchan mai saurin baki. Ta ce, "Mama, ɗan murmushi mana. Ku matso kusa, ku rungume ta!" Mama ta ɗaga hannu. Ta ce haƙoranta ba na talla ba ne, kuma kowa ya ja baya. Haka muka jeru, ita a tsakiya ƙiƙam, fili a dama, fili a hagu, mu kuma mun cunkushe a gefe kamar masu jiran mota. Ƙanwata ta kusa kuka don takaici.

Mai hoto ta yi ta gyara, wannan ya sunkuya, wancan ya ɗaga haɓa, jikoki sun ƙi tsayawa. Tsayuwar ta yi wa Mama yawa. Gwiwarta ta daɗe tana damunta, ga kunyar gona ba ta da daidai. Na ga ta yi tangaɗi. Ban san lokacin da na tsallake filin na dafe kafaɗarta ba. Ta juyo a fusace za ta yi mini faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabona da ji tun Baba yana nan. Daidai nan kamara ta yi ƙara.

An sake ɗaukar wasu da yawa yadda take so, tsaf, ba mai taɓa ta. Da aka gama, mai hoto ta kawo mata kujera tana nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Mama tana gyaɗa kai kamar mai duba aikin tela. Da aka zo kan na dariyar, budurwar ta yi sauri za ta wuce, ta ce wannan ya lalace. Mama ta riƙe mata hannu. Ta daɗe tana kallo. Ta sa a matso da fuskar, sannan a matso da kafaɗar.

"Wannan," ta ce. "Ashe haka yake in an dafa mutum." Ta ɗago ta dube ni. "In lokaci ya yi, ki ce ni na ce."

Lokaci ya yi bayan damina biyu. Ni na kai hoton wajen masu bugawa. Mai aikin ya yanko ta a kwamfuta, ya ce, "Anti, akwai hannun wani a nan. Yanzu ba kamar da ba ne, zan goge shi tas, ba wanda zai sani."

Na ce ya bar shi.

Ranar jana'iza na ji wasu mata a bayana suna duba rigunansu suna tambayar juna hannun wane ne. Ban juya ba. Na dai sa nawa a kafaɗata, inda ba kowa.