Rediyo a Kan Soro

Jiya jikana ya nuna mini a waya tsohon wasan da yaranmu 'yan ƙasa da sha bakwai suka ɗauko kofin duniya, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai. Dokarsa ita ce, in muka ci ƙwallo kowa ya tsaya inda yake, kar sa'a ta gudu.

Ran wasan nan a garinmu Utai rediyo ta ƙi kama tasha. Da gemuna na hau soro na ɗaga ta, sai ko muka ci!

"Baffa, in sauko? Rana ta gasa min ƙeya."

"Sauko mana, a rama, ka yi wa Najeriya bayani!"

Har aka tashi ina sama, shi yana inuwa yana shanye min fura. Har yau gwamnati ba ta neme ni ba. Allah Ya jiƙan Baffa da rahama, ni dai na yafe masa.